Kwalbar da Sambo Ya Kasa Cikawa

Ku yaran ofis ɗin nan, ina jin abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai aikin sakataren kwamitin ladabtarwa zama ne a inuwa: a saurari ƙara, a rubuta an dakatar da wane, a tashi a tafi azahar. To, madalla. Ni da na tsufa a wannan zaman inuwar, har gobe akwai dattawa a Dutse da ba su san sunana Salisu ba, sai Malam Kwalba. Ku jawo kujera ku ji inda na samo shi, don ba ranar suna aka raɗa mini ba.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka ɗauke ni aiki. A lokacin ofisoshi sun fi ɗakunan Dutse yawa, sai ƙungiyarmu ta guje-guje ta samu wani shago da a da ake ajiye buhunan dabino a ciki. Kayan aikina su ne tafireta guda mai nauyin tsiya, da takardar kabon, da hatimi, da wani ɗan littafi mai koren bango da uwar ƙungiya ta aiko daga Ikko. Da Turanci aka rubuta shi, kuma a ciki akwai dokoki da sunayen ƙwayoyin da aka hana 'yan wasa sha. Bayan mako biyu sai ga kwali cike da kwalabe da wata kula ta zuba ƙanƙara. Na tambaya na mene ne. Aka ce ma'aikata sun yi kaɗan, saboda haka wanda zai rubuta hukunci shi ne zai riƙa karɓar fitsarin 'yan wasa.

Mahaifina malami ne a Taura, kakana ma haka. Ranar da na je na gaya masa irin aikin da na samu, ya dube ni ya ce, "Salisu, shekara nawa na yi ina koya maka yadda ake tsarki daga abin nan? Yanzu shi ne aka ɗauke ka ka riƙa tarawa?" Na ce ai har da hatimi ake sa masa. Ya ce, "Allah ya shirya." Washegari ya sa aka ɗinka mini riguna biyu, ɗaya ta aiki, ɗaya ta sallah.

Wanda ya koya mini sana'ar shi ne Baba Saje, tsohon soja da ya yi aiki a ɗakin magani na bariki. Ranar farko ya ɗora kwalba a tebur ya ce, "Aikin nan ido ne. In ba ka ga abin ya fito daga jikin mutum ya shiga kwalba ba, to ba ka ga komai ba." Na ce, "Baba, ai da kunya." Ya ce, "Ka bar ta a gida tare da rigar sallarka." Shi ya nuna mini yadda ake kanga kwalba a kunci a ji ko da ɗumi, don akwai masu zuwa da na ƙannensu a ƙulle cikin leda a cinya. Wani ɗan tsalle ya taɓa miƙo mana kwalba tana ƙamshin citta da kanumfari. Baba Saje ya shinshina, ya ce masa, "Ɗana, sukari ya yi kaɗan, koma ka sake." Shi ne kuma ya koya mini yadda ake lallashin mafitsarar da ta yi gardama. Kada ka kalli fuskar mutum, ka ɗauki buta ka riƙa tsiyaya ruwa a kwano a hankali, kana ba shi labarin damina.

In an cika kwalabe, sai in toshe bakinsu da jan danƙo, in danna hatimi, in jera a kula, in hau motar Kano da ita a kan cinya. Ba sau ɗaya ba wata baiwar Allah ta taɓa ni a mota ta ce in sam mata zoɓon ta jiƙa maƙoshi. A Kano wani yake karɓa ya tura inda ake turawa, wurin da ban taɓa gani da idona ba. Sakamako kuwa, wani ya dawo bayan mai shi ya daina wasa ya buɗe shagon faci, wani har yau muna jira. Saboda haka duk tsawon aikina ba na tuna wanda gwaji ya kama. Waɗanda muke hukuntawa su ne masu marin alƙalin wasa, da masu rage shekaru, da masu ƙin ba da fitsarin.

Akwai wata ƙara da aka kawo mana kan wani ɗan Garki, wai an gan shi yana cin goro kafin tsere. Muka yi dariya. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta duba koren littafi ta ce ai kuwa sinadarin da ke cikin goro yana nan a jerin, in ya yi yawa a jiki. Kwana uku kwamiti na zama a kan maganar nan, kowa bakinsa jawur, ana miƙa wa juna goro ana tofar da tuƙa ta taga. A ƙarshe aka yanke cewa ɗan wasa na iya cin ɓari guda, in goron ya fi haka ya miƙa wa alƙalin wasa sauran. Ni na buga hukuncin nan da hannuna, kofe huɗu.

Amma shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka ƙaddamar da shari'a. Baba Saje ya riga ya yi ritaya, na zama ni kaɗai. Kwamitinmu a lokacin mutum uku ne. Shugaba shi ne Alhaji Hedimasta, tsohon shugaban makaranta, wanda in littafi ya ce rana daga yamma take fitowa zai ce a rubuta haka. Sai Malam Liman, da aka ƙaro mana a shekarar don ya riƙa duba ko hukuncinmu ya saɓa wa addini. Na uku shi ne Alhaji Ja'e, tsohon malamin dabbobi, Bafulatani daga ƙasar Miga, dogo, marar magana. Zai iya wuni a zaman kwamiti bai ce komai ba sai amsa sallama.

A shekarar ne aka yi tseren tace waɗanda za su wakilce mu a gasar ƙasa a kudu. Gudun famfalaƙi wani makiyayi ne ya cinye shi, Sambo, daga wata ruga a bayan Miga. Ba takalmi ya yi gudun, kuma da ya iso ƙarshen layi sai ya tsaya yana waige, yana tambaya ko sauran sun ɓata hanya ne. Kocinmu har da ƙwalla. Ya ce shekara da shekaru yana neman ƙafa irin wannan, sai dai mutumin ya kusa talatin, in bai je bana ba to ba zai ƙara samun dama ba. Kujerarsa a motar tawaga ta tabbata, saura abu ɗaya, ya cika mini kwalba.

A shekarar an ƙara wata doka, cewa ban da mai karɓa, sai wani ɗan kwamiti ya tsaya a matsayin shaida, shi ma ya gani da idonsa. Na duba rumfar manyan baƙi na hango Alhaji Ja'e. Na ce a raina, ga mutumin ƙasarsu, yarensu ɗaya, yaron zai fi sakewa. Har yabon kaina na yi da wannan dabara. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da shaida, na wanda ya zo na ɗaya." Ya ɗan yi jim, ya ce, "Ko za a samu wani?" Na ce, "Babu kowa, Alhaji, minti biyar ne." Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya rufe, ya tashi ya biyo ni.

Muna zaune a ɗan ɗakin da ke bayan filin wasa sai ga Sambo ya shigo yana dariya, da moɗar ruwa a hannu, gumi na zuba. Yana ɗaga ido ya ga Alhaji, moɗar ta suɓuce. Ya zube ƙasa ya yi wata gaisuwa da ba ta fito daga maƙogwaro ba, ya ja jiki ya koma lungu ya juya fuska ga bango. Na ce a raina, yauwa, yau dai na kama ɗan ƙwaya na gaske, ga rashin gaskiya nan ƙarara.

Na miƙa masa kwalba. Ya karɓa da hannu biyu ya riƙe. Na ce bismilla. Shiru. Na ɗebo ruwa na ce ya sha, ya girgiza kai, mutumin da ya gama gudun da ko doki sai ya nemi rijiya. Na ɗauko buta na fara tsiyaya a kwano, na ba shi labarin damina tun daga yayyafin farko har ambaliya. Ni da ke ba da labarin sai da na fita sau biyu na kama ruwa, shi ko gezau. Tun hantsi muke nan har aka yi azahar, rana ta karkata. Alhaji Ja'e kuwa ya kafa wa rufin ɗaki ido yana jan carbi.

Raina ya fara ɓaci. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, doka ta ce sai ka kalla."

Ya ce, "Ina ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ji littafi ya ce ba, gani ya ce."

Sannan na juya na daka tsawa irin ta Baba Saje, na ce, "Kai Sambo, juyo nan ka kwance tazuge, Alhaji na jiranka!"

Ban rufe baki ba sai na ji iska ta wuce ni. Ta taga ya fita. Na leƙa na hango shi ya tsallake katangar filin ya nufi duwatsu, kuma wallahi gudun da ya yi da safe wasa ne. Ga kwalbata a dandaryar ƙasa, ya ajiye ta a tsaye cikin ladabi, babu ko ɗigo.

Na zauna na buga rahoto: ɗan wasa ya ƙi ba da fitsari, ya tsere ta taga. Koren littafi ya ce wanda ya ƙi bayarwa daidai yake da wanda aka kama, hukuncinsa dakatarwar shekara biyu. Kwamiti ya zauna. Alhaji Hedimasta ya ce a dakatar, Malam Liman ya ce a dakatar. Aka tambayi Alhaji Ja'e, ya ce, "Allah ya kyauta." Shugaba ya ce in rubuta ya amince. Aka soke sunan Sambo daga jerin masu shiga mota, saura kwana goma a tafi.

Doka ta ba da kwana bakwai a ɗaukaka ƙara. A rana ta shida ina cikin goge tafireta sai na ji an doka sanda a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ce 'yar firit, ta sha tafiya, ƙafafunta fari fat da ƙura.

Ta ce, "Ina mai kwalba?"

Na ce, "Ga ni, Inna. Sannu da zuwa."

Ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce, "Ni ce Dudu, kakar Sambo. Kai ne ka kulle mijina da surukinsa a ɗaki ɗaya ka ce ya kwance wando?"

Kun san yadda kaka ke kiran jikanta miji, wannan bai dame ni ba. Kalmar suruki ce ta sa na daina goge tafireta. Na ce, "Inna, wane surukin?"

Ta ce, "Ja'e mana! 'Yarsa ta fari yake aure, shekara huɗu ke nan. Kai ɗan wace ƙasa ne? Bature ne ya haife ka? Yaron da ko ruwa bai taɓa sha a gaban mutumin nan ba. In ya hango babur ɗinsa a hanya, gonar gero yake faɗawa sai ya wuce. Shi za ka ce ya yi fitsari yana kallo? Ai ko ni da na yi masa wanka yana jariri ba zan ce haka ba."

Na ce, "To me ya hana su gaya mini?"

Ta ce, "Su gaya maka da wane bakin? Shi Ja'e ko sunan 'yar bai taɓa faɗa ba tun da aka haife ta, 'yar fari ce. Zai ce maka wannan mijin wance ne? Shi kuma wancan ragon zai nuna dattijo da yatsa ya ce surukina ne? Kai da Allah ya ba ido, me ka yi da shi?"

Ni ɗan Taura ne, na tashi cikin Fulani, na san kunyar suruki tun ina yaro, mu ma muna yin ta daidai gwargwado. Mutum ya yar da moɗa, ya juya wa bango fuska, dattijo ya kafa wa rufi ido, duk a gabana, amma ni ina can ina neman leda a cinya. Na ji kunya ƙwarai, kuma na ji haushin kaina.

Inna Dudu ba ta rubutu, saboda haka ni na buga mata takardar ɗaukaka ƙara. Tana faɗa ina bugawa: sakataren kwamiti mutum ne marar lura, marar tunani, wanda bai san girman mutane ba. Na ce, "Inna, ko a ɗan sassauta nan?" Ta ce, "Buga." Na buga. Ta dangwala yatsa, ta miƙo mini, na karɓa a matsayina na sakatare, na danna hatimi, na rubuta mata takardar shaida cewa ƙorafinta a kan sakatare ya iso hannun sakatare.

Aka sa zama saura kwana biyu mota ta tashi. Tun kafin a fara aka samu cikas, don Sambo ya ce ba zai shiga ɗakin da Alhaji ke zaune ba. Shugaba ya ce littafi ya ce mai ƙara ya halarta. Malam Liman ya ce ai bai ce ta wane gefen bango ba. Sai aka shimfiɗa masa tabarma a waje a ƙarƙashin taga, aka ce duk abin da zai faɗa ya raɗa mini in shigo da shi. Ranar na yi zirga-zirga tsakanin taga da tafireta har ƙafata ta yi tsami.

Alhaji Hedimasta ya sa tabarau ya buɗe koren littafi. Ya ce hanya biyu ce kawai. Ko dai ɗan wasa ya dawo ya ba da fitsarin a gaban shaidan farko, ko kuma shaidan ya tashi a gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa cewa akwai dangantaka tsakaninsu, ya ambaci sunaye, sai a soke gwajin farko a sake wani da sabon shaida. Ya cire tabarau ya ce shi yana da shawara mai sauƙi.

Ya ce, "Tunda surukuta ce matsalar, yaron ya yi wa matar saki ɗaya yanzu. Ya shigo ya cika kwalba a gaban Alhaji, kafin la'asar ya mai da matarsa. Ba wanda ya yi asara."

Malam Liman ya ajiye carbi ya ce, "Ranka ya daɗe, saki ba ya warware surukuta. Kuma ni ba zan sa hannu a taɓa igiyar aure saboda fitsari ba. Ina ma laifin a fara tambayata ko ya halatta baligai biyu su tsaya kallon al'aurar na uku? Wata nawa ina jira a tambaye ni."

Inna Dudu daga kan benci ta ce, "Hedimasta, ka saki taka mu ga yadda ake yi."

Shugaba ya mai da tabarau ya ce a wuce wurin. Ya juya ga Alhaji Ja'e, wanda yau ya bar kujerar kwamiti ya koma ta shaida.

"Alhaji, ka san mai ƙara?"

"Ina ganinsa a hanya."

"Mene ne tsakaninku?"

"Alheri."

"Yana auren wata daga gidanka?"

"Gidana akwai mutane da yawa."

Shugaba ya share gumi. Ya ce, "Alhaji, don girman Allah, littafi suna yake so." Alhaji Ja'e ya dubi rufi. Na miƙe na ce ko ni in faɗi sunayen, shi ya gyaɗa kai kawai. Shugaba ya duba ya ce littafi ya ce da bakinsa, bai ce da kansa ba. Na ce ko ya rubuta a takarda. Ya ce takarda ba baki ba ce. Inna Dudu ta ce ita ta faɗa sau goma, a ɗauki ɗaya a ba shi aro. Aka yi ta wannan har inuwa ta dawo gindin bango. Daga nan shugaba ya ce shi ba mugu ba ne, amma ana kiran azahar zai sa hannu hukunci ya tabbata, ya cire murfin alƙalaminsa ya ajiye a tebur.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa taga a hankali. Na fita. Sambo na durƙushe, bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, ka ce musu a bari. Na yarda da hukuncin. Gudu ai ba dole ba ne, ina da shanu. Kada a ƙara matsa wa Baffa."

Na ce, "Ka san abin da kake faɗa? Shekara biyu fa. Kuma an riga an fara ce maka ɗan ƙwaya a kasuwar Miga."

Ya ce, "Na ji. A bari."

Na koma ciki na faɗa yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba. Shugaba ya ɗauki alƙalami.

Alhaji Ja'e ya miƙe. Ya gyara rigarsa a kafaɗa, ya sa carbi a aljihu, ya juya mana baya ya fuskanci bango. Muryarsa ba ta yi rawa ba, sai dai ta yi ƙasa ƙwarai.

Ya ce, "Sambo ɗan Buba mijin 'yata ne. Sunanta Hajara. Ita ce ta fari."

Inna Dudu, wadda tun safe ba wanda ya iya rufe mata baki, ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Liman ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na yi ta maza na buga sunayen a tafireta. Dattijon nan ya yi shekara ashirin da wani abu yana ce wa 'yarsa "ke" da "yarinyar nan", yau gangancina da ɗan littafi mai koren bango sun sa ya kira sunanta a gaban baƙi. Doka ta ce sakatare ya karanta wa shaida abin da ya faɗa da ƙarfi don ya tabbatar. Na ɗago takardar na dubi shugaba. A karo na farko tun da na san shi, Alhaji Hedimasta ya rufe littafin ya ce, "Rubuta an karanta."

Alhaji Ja'e ya yi sallama ya fita ta ƙofar gaba. Sambo ya zaga ta baya, bai fito ba sai da ƙarar babur ɗin Alhaji ta ɓace. Da la'asar aka sake gwaji, shugaba ne shaida, don Malam Liman ya ce shi dai ba da idonsa ba. Ko buta ban ɗauko ba. Sambo ya cika kwalba biyu, ya tambaya ko akwai ta uku. Sakamakon yana cikin waɗanda muke jira. Layin nan da kuke gani a fom ɗinku, inda ake tambayar shaida da ɗan wasa, kowa shi kaɗai, ko akwai aure tsakanin gidajensu, wanda kuke cewa ɓata takarda ne, ni na ƙara shi a makon nan da hannuna.

Ranar tafiya da sassafe na je tashar da motar tawaga ke tsaye don in miƙa wa direba sabon jerin sunaye. 'Yan wasa sun shiga, an ɗaure kaya a sama, direba na ta danna ham. Koci ya zo yana haki ya ce Sambo ya ƙi shiga. Na zaga bayan motar na same shi tsugune a gindin taya da ƙullin kayansa. Na ce, "Yanzu kuma mene ne?" Ya nuna gaban motar da haɓa.

Abin da dukkanmu muka manta shi ne, tun watanni baya an zaɓi Alhaji Ja'e ya jagoranci tawagar. Shekaru ana tsallake shi ana ba masu baki, sai bana ta faɗo kansa. Ga shi nan a kujerar gaba cikin sabuwar shadda da aka ɗinka don tafiyar, jaka a kan cinya. Tafiyar wuni biyu ce. Wuni biyu ke nan Sambo ba ci, ba sha, ba sauka kama ruwa, sannan ya je ya yi tsere. Koci ya ɗora hannu a ka. Na tsaya tsakanin gaban mota da bayanta da takarda a hannu, na rasa wanda zan tunkara.

Ban kai ga yanke shawara ba sai ƙofar gaba ta buɗe. Alhaji Ja'e ya sauko da jakarsa. Ya ce wa direba, "Na yi mantuwa a gida. Ku yi gaba, zan biyo ku." Kowa a wurin ya san babu wata motar da za ta biyo baya. Ya buɗe jakar ya ciro wani ƙulli, dambun nama ne, ya miƙo mini yana kallon wani wuri daban. Ya ce, "Ka sa a motar. Wataƙila akwai mai jin yunwa."

Ya taka ya koma gindin wata bishiya ya ba motar baya. Na zaga na danƙa wa Sambo ƙullin, na tura shi ciki, aka rufe ƙofa. Motar ta tashi ta hau titi. Na zo na tsaya kusa da dattijon. Shi dai duwatsu yake kallo, har ƙarar injin ta yi nisa.

Can ya ce, bai juyo ba, "Malam Sakatare."

Na ce, "Ranka ya daɗe."

"An samu wuri kusa da taga?"

Na ce, "An samu, Alhaji."

Ya ce, "To, madalla. Mota na juya masa ciki."